Daga Marisuwa Zuwa Korona: Shekarar Da Aka Rufe Makarantun Kaduna



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda lafiya da cuta suke hannunsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, da yawa daga cikinku ɗalibai ne a shekarar 2020, kuma na san wasunku suna tuna wannan shekara a matsayin dogon hutun da ba a taɓa samun irinsa ba. Iyayenku ba haka suke tuna ta ba. Ina so in rubuta abin da ya faru a garin nan namu na Kaduna tun kafin mantuwa ta cinye shi, in kuma jera shi kusa da annobobin da suka gabace shi, domin na lura cewa a lokacin mun riƙa magana kamar mu ne al'umma ta farko da aka taɓa jarrabawa da irin wannan.

Ga yadda abin ya zo. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya a Legas. Mu a nan Arewa muka ji labarin a rediyo muka ci gaba da harkokinmu. Ranar Laraba 18 ga Maris gwamnonin Arewa maso Yamma suka yi taro a Kaduna, suka fito da sanarwar rufe makarantu na kwana 30 daga Litinin 23 ga wata, wato ƙarshen Rajab na 1441. Ranar 26 ga Maris mataimakiyar gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, ta sanar da dokar kulle ta ba shiga ba fita, aka rufe kasuwanni da masallatai da coci-coci. Bayan kwana biyu Gwamna Nasir El-Rufa'i ya fito ya ce shi kansa ya kamu. Ɗaya daga cikin dokokin da aka dogara da su wajen kullen ita ce dokar killace masu cuta ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari. Kwana 30 ɗin nan da aka ambata sai da suka zama wata bakwai ga mafi yawan yara, wasu ma kusan shekara.

A makon farko babu wanda ya damu sosai. A mako na uku ne wata baiwar Allah, mahaifiyar ɗaya daga cikin ɗalibaina, ta aiko a kira ni a waya. 'Yarta tana izu na ashirin da wani abu a hadda, kuma ana sa ran za ta kai rabi kafin ƙarshen shekara. Ta ce: "Malam, ni ba jarrabawar boko ce ta dame ni ba. Jiya na ce ta karanta mini abin da ta haddace a watan jiya, sai ta tsaya tana kallona. Ni kuwa ban iya ba balle in ɗora ta. Ya za mu yi?" Ban ba ta amsar kirki ba, domin ni ma a lokacin ban sani ba. Duk wanda ya taɓa hadda ya san abin da take nufi. Hadda ba ta zama wuri ɗaya. In ba a yi mata muraja'a ba, zubewa take yi, kuma sabon karatu ya fi saurin gudu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya kwatanta mahaddacin Alƙur'ani da mai raƙumi ɗaurarre, wanda in ya kula da ɗaurin ya riƙe abinsa, in ya sake ya rasa shi, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Yaron da yake zuwa Islamiyya kwana biyar a mako, malaminsa ne yake riƙe masa wannan igiya. Da aka rufe makaranta sai igiyar ta faɗo a tsakar gida, kuma a gidaje da yawa babu mai ɗauka.

Damuwar iyaye maza ta ɗan bambanta. Wanda ɗansa yake ajin ƙarshe na sakandare, ya riga ya biya kuɗin jarrabawar WAEC, wataƙila da bashi, sai ga shi an ɗage ta ba a sa rana ba. A watan Yuli ma Ministan Ilmi, Malam Adamu Adamu, ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su zauna jarrabawar ba a wannan shekara, kafin daga baya a sake shawara a fara ta ranar 17 ga Agusta. Gwamnatin jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin saboda masu shirin jarrabawa, makarantun masu hali kuma suka koma koyarwa ta intanet. Amma a Hayin Banki ko Unguwar Shanu ko cikin Badarawa, gidan da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, kuma wutar lantarki sai an ga dama, wane darasi za a bi? Sannan ga yunwa. Lebura da mai facin taya da ɗan kasuwar da yake cin abin da ya samo a yini, an ce su zauna a gida, ana buɗe gari kwana biyu kacal a mako don sayen abinci. Abin da ba zan manta ba shi ne, da aka rufe manyan kasuwanni irin su Kasuwar Sheikh Gumi, sai aka buɗe ƙananan kasuwanni na wucin gadi a harabar makarantun gwamnati na unguwanni. Yaro ya shiga makarantarsu ɗauke da farantin talla, ya tsaya yana sayar da tumatir a ƙofar ajinsu. Iyaye da dama sun tambaye ni: in har za a iya cin kasuwa a filin makaranta, me ya hana a yi karatu a cikinta? Akwai amsar likitoci ga wannan tambaya, cewa cunkoson aji a rufe ya fi tsayuwar fili haɗari, kuma abinci lalura ne. Amma amsar ba ta kwantar wa kowa da hankali ba.

A wannan lokaci ne aka fara jin wasu maganganu a majalisu da wayoyi, cewa babu cutar, makirci ne don a hana Musulmi salla da karatun Alƙur'ani, kuma wai ba a taɓa rufe masallaci a tarihin Musulunci ba. Ban ga laifin talaka ba in ya yi zargi, domin yana da dalilinsa na tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma maganar cewa ba a taɓa yi ba, wannan rashin karanta tarihi ne, kuma ya fi ciwo in ta fito daga bakin mai rawani.

A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta faɗa wa ƙasar Sham. Sayyidina Umar (RA) ya taso daga Madina, ya kai wani wuri da ake kira Sarg, sai aka tare shi da labarin. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ra'ayi ya rabu, daga ƙarshe ya yanke komawa. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya iso ya ba su labarin abin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), na hana shiga garin da annoba ta sauka da hana fita daga cikinsa. Wannan annoba ta ɗauke Abu Ubaida, ta ɗauke Mu'azu ɗan Jabal, wanda yake cikin mafi sanin halal da haram a sahabbai, da Yazidu ɗan Abu Sufyan da Shurahbilu ɗan Hasana, Allah Ya yarda da su. Masu tarihi sun ambaci mutum wajen 25,000. Da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi (RA), sai ya umarci mutane su watse cikin duwatsu, su daina cunkusuwa, kuma aka ga sauƙi bayan haka. Imam Zahabi ya kawo cewa a shekara ta 448 yunwa da annoba sun tsananta a Masar da Andalus, har masallatan Ƙurɗuba suka zauna a rufe babu mai salla. A shekara ta 749, wato 1348 zuwa 1349, babbar annobar da ta ratsa duniya ta kashe mahaifin Ibn Khaldun da mahaifiyarsa da malamansa da dama a Tunis, shi kuwa yana saurayi ɗan shekara goma sha bakwai.

Wanda ya fi taɓa zuciyata a cikin waɗannan shi ne Hafiz Ibn Hajar al-Asƙalani, mai sharhin Bukhari. Shi uba ne da annoba ta shiga gidansa ta ɗauke masa 'ya'ya mata, a shekara ta 819 da kuma 833, kuma ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan annoba mai suna Bazlul Ma'un. A ciki ya ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka yi azumi suka fita sahara suka taru don roƙon Allah Ya yaye musu, sai mace-macen suka ninka bayan taron, kuma bai ga asalin irin wannan taro a sunna ba. To in malamin hadisi irin wannan, wanda ya binne 'ya'yansa, bai ɗauki taro a lokacin annoba a matsayin alamar ƙarfin imani ba, ni ban ga yadda zan kafirta wanda ya ce a rufe aji na ɗan lokaci ba. Mun kuma ga abin da ya faru a Kano a watan Afrilu na 2020, lokacin da aka yi ta binne dattawa da manyan malamai da 'yan boko a jere. A wannan shekara Ramadan ya kama ranar 24 ga Afrilu, ya zo ya wuce Masallacin Sultan Bello babu taron tafsirin da aka saba tun zamanin Sheikh Abubakar Gumi, aikin Hajji ma aka taƙaita shi ga mutane ƙalilan mazauna Saudiyya.

Sai dai akwai wata annoba da ta fi kusa da mu, ita ce murar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa. Ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na wannan shekara, ta biyo hanyar jirgin ƙasa da koguna ta hauro Arewa cikin 'yan makonni. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum kimanin 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Kaduna a lokacin jaririyar alƙarya ce, shekara ɗaya kacal da mayar da hedikwatar Arewa cikinta daga Zungeru a 1917. Bariki ne da tashar jirgi da gidajen ma'aikata. Makarantun boko kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano ta fara ne a 1909, Kwalejin Katsina ma ba a buɗe ta ba tukuna. Abin da yake ko'ina shi ne makarantar allo. Lissafin da aka yi a zamanin Lugga ya nuna makarantun allo wajen 25,000 a Arewa, da ɗalibai fiye da 200,000.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan adadi. In ka raba, kowace makaranta yara takwas ne ko tara. Makaranta a lokacin zaure ce, ko inuwar bishiya, ko gindin wutar kara da daddare, kuma malamin maƙwabci ne ko kawu ko mahaifi. Ba ta da ƙofar da wani zai sa wa kwaɗo daga hedikwata. Annoba tana iya kashe malamin, kuma ta kashe da yawa, amma babu sanarwar da za ta tsayar da karatun ƙasa gaba ɗaya a rana ɗaya. Mu kuwa a cikin shekara ɗari mun tattara karatun wuri guda. Makarantun Islamiyya na zamani, masu aji da benci da rajista, sun yaɗu daga shekarun 1950, suka ƙara ƙarfi bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a nan Kaduna a 1962, da kuma Izala a 1978. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwashi yara zuwa boko. Wannan duk alheri ne, kuma ni ɗan wannan tsari ne, a cikinsa nake ci nake sha; ta hanyarsa mata da yawa suka iya karatun Alƙur'ani da tajwidi waɗanda iyayensu mata ba su samu ba. Amma ya zo da wani abu da ba mu lura da shi ba: uba ya koma mai biyan kuɗin wata kawai. Yaro ya fita boko da safe, ya dawo ya ci abinci, ya tafi Islamiyya da yamma, Asabar da Lahadi ya tafi hadda. Akwai uban da a lokacin kulle ne ya fara gano cewa ɗansa mai shekara goma sha biyu bai iya tahiya daidai ba, kuma ya zo yana yi mini faɗa a kan haka. Na karɓi rabona na laifin. Da na tambaye shi yaushe rabon da ya saurari karatun yaron, sai ya yi shiru.

Ba sabon ciwo ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da suke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kamar yadda yake a littafinsa Nurul Albab. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke zuwa wurinta su karɓi karatu su koma ƙauyukansu su koyar da mata a cikin gidaje. A watannin kulle, gidajen da karatu bai tsaya ba su ne waɗanda suke da irin wannan jaji a cikinsu: uwa da ta yi makarantar matan aure, ko yaya da ta sauke, ko kaka da take tashi da asuba ta tara jikoki. Na san wani lungu a Unguwar Dosa inda wata budurwa ta riƙa karɓar haddar ƙannenta da 'ya'yan gidan da suke haya tare, biyar ko shida, a tsakar gida bayan sallar asuba. Da aka dawo, yaran nan sun wuce sa'o'insu da izu biyu.

Akwai yaran da ba na jin mun yi musu adalci, su ne almajirai. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince a mayar da kowane almajiri jiharsa ta asali. Aka riƙa loda yara a motoci ana tsallaka iyakokin jihohi da su a daidai lokacin da aka hana kowa tafiya. Kaduna ta tura dubbai, ta kuma karɓi nata, kuma gwamnati ta sanar cewa an samu cutar a jikin da dama daga cikin waɗanda aka dawo da su daga Kano. Ina cikin masu ganin cewa tura yaro ɗan shekara shida wani gari ya yi bara ba shi da mafaka a shari'a. Amma ɗaukar yara a cunkushe daga garin da annoba take zuwa wani gari, shi ne ainihin abin da hadisin Abdurrahman ɗan Aufu ya hana. Iyayen waɗannan yara suna ƙauyuka, babu wanda ya kai musu makirufo ya ji tasu damuwar. Bayan 'yan watanni kuma yaran suka dawo titunan Kawo da robobinsu.

Malaman makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya su ma sun sha wuya, domin albashinsu daga kuɗin wata yake fitowa, kuma babu uban da zai biya kuɗin makarantar da take rufe. Wasu sun koma tuƙa Keke Napep, wasu sun koma gona, kuma ba duka suka dawo aji ba.

An sassauta kullen Kaduna a ranar 10 ga Yuni bayan kwana 75, aka dawo sallar Juma'a, makarantu kuwa suka ci gaba da zama a rufe. 'Yan ajin ƙarshe suka koma a Agusta saboda jarrabawa, wasu azuzuwan a Oktoba. Ba a gama murna ba sai cutar ta sake tasowa, aka sake rufe makarantun jihar ranar 16 ga Disamba, sai a farkon 2021 aka riƙa buɗewa aji-aji. A nan ne nake ganin an wuce gona da iri. Rufewar farko tana da hujja, domin ba a san cutar ba kuma kare rai yana gaba. Amma lalura ana auna ta ne gwargwadonta, kamar yadda malaman usulu suke faɗa, kuma zuwa ƙarshen shekara kasuwa ta koma cika, ana biki ana taron siyasa, yara ne kaɗai suke zaune. A 2014, lokacin cutar Ebola, an ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, da aka ga an shawo kan abin sai aka dawo da ita 22 ga Satumba. Hukumar UNESCO ta ce ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi rufewar korona ta shafa a duniya, amma yaron Ingila da ya zauna gida da kwamfuta da yaron Rigasa da ya zauna gida da farantin talla ba asara ɗaya suka yi ba. Kuma kafin iyayen Kaduna su huta, wata fargabar ta maye gurbin ta cuta: a ranar 11 ga Maris, 2021 aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka, a Afrilu na Jami'ar Greenfield, a Yuli na makarantar Bethel Baptist. Uwar da ta yi wata bakwai tana addu'ar a buɗe makaranta, sai ta koma tana tsoron tura ɗanta.

Ranar da muka koma, na buɗe rajista ina kiran suna. Wasu gurabe a benci babu kowa. Na tambaya, aka ce wance an yi mata aure da Babbar Salla, wane yana gareji yana koyon kanikanci, su wane sun koma ƙauye saboda mahaifinsu ya kasa biyan haya. Yarinyar nan da mahaifiyarta ta kira ni tana nan a sahun gaba. Na ce ta karanto daga inda muka tsaya, ta fara, ta kai aya ta huɗu ta kakare, sai hawaye. Muka koma baya izu bakwai muka sake ɗaurawa. Ta kammala haddarta bayan shekara uku, kuma a ranar walima na ji cewa mahaifiyar tata ta shiga makarantar matan aure tun a 2021, tana izu na biyar, 'yar ce take karɓar mata karatu bayan magariba.